Yadda zaka tantance labarin "an gano maganin kansa" kafin ka tura wa mutane

Kusan duk wata sai irin labarin nan ya ɓullo, wai masana a Amurka sun gano maganin kansa, ko wai an samo allurar cutar mantuwa, ko wai kwamfuta ta tona asirin furotin don haka cututtuka sun kusa zama tarihi. Kafin azahar ya zagaye guruf ɗin dangi da na 'yan makaranta kowa na ta kabbara, alhali cikin masu karantawar akwai wanda mahaifiyarsa ke kwance ana mata kemo, shi ya riga ya fara lissafin gonar da zai sayar. Kuma abin da zai baka mamaki yawancin labaran nan ba ƙarya bace tsagwaronta, akwai bincike na gaske a ƙarƙashi, kawai dai kafin ya iso wayarka an zare duk wani "amma" da masu binciken suka saka da hannunsu. Toh aikinka shine ka koma ka nemo waɗannan amma ɗin, kuma ba sai ka karanta likitanci ba, waya da ɗan data sun isa.

Fara da neman ainihin takardar

Ka duba labarin da kyau ka tsinto abu uku, sunan maganin, sunan mujallar da ta buga binciken, da sunan jami'a ko asibitin da aka yi shi. In babu ko ɗaya, kawai "wasu masana sun ce", ka share shi ka huta. In akwai, ka shiga PubMed, rumbu ne na gwamnatin Amurka kuma kyauta ne, ka rubuta sunan maganin da sunan cutar, zai fito maka da taƙaitaccen bayanin takardar wanda bai wuce sakin layi ɗaya zuwa huɗu ba, kuma wallahi mafi yawan abin da kake buƙata yana nan ciki. Amma ka lura da wane irin abu ka samo. Akwai takardar da ta fito a mujalla irin su The Lancet, Nature ko New England Journal of Medicine bayan wasu masana da ba ruwansu da aikin sun bi ta sun tsefe ta. Akwai wadda masu ita suka ɗora a medRxiv ko bioRxiv tun kafin kowa ya tantance. Sai kuma sanarwar kamfani ga 'yan jarida, ita wannan masu hannun jari ake rubuta wa, lambobin da suka yi kyau ne kawai zaka gani. Duk ukun ana mayar da su labari da babban baƙi iri ɗaya amma nauyinsu ba ɗaya bane.

Daga nan tambayar farko, a kan wa aka gwada. Ƙwayoyin kansa a cikin faranti a lab, ko ɓera, ko mutum? Abubuwa ba adadi na kashe kansa a faranti, har bilicin wanki zai kashe, wannan ba abin murna bane tukunna. Ɓera kuma an sha warkar da shi. In an zo kan mutane akwai matakai, na 1 mutane kaɗan ne ana duba ko maganin na cutarwa da adadin da jiki zai ɗauka, na 2 ana duba ko akwai alamar yana aiki, na 3 shine babban gwaji na ɗaruruwa ko dubbai inda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗannan a basu sabon magani waɗancan a basu wanda aka saba ko kuma na bogi wanda ba komai a cikinsa. Cikin magunguna 10 da suka fara shiga gwajin mutane kusan 1 ne ke kai wa ga samun lasisi, na kansa ma bai kai haka ba.

Bari mu ɗauki wanda ya fi kowanne yawo. A watan Yunin 2022 aka yi ta yaɗa cewa wani magani ya warkar da duk wanda aka ba shi, ɗari bisa ɗari. Gaskiya ne fa. Sunan maganin dostarlimab, an yi gwajin a asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering a birnin New York ƙarƙashin Dakta Andrea Cercek da Dakta Luis Diaz, ana saka wa mutum ta jijiya duk sati 3 har wata 6, kuma duk waɗanda suka kammala an duba da sikanin da kamara ba a ga ƙarin kansar ba, ba tiyata ba gashin na'ura ba kemo. Yanzu ga amma ɗin. Mutum 12 ne suka kammala a lokacin. Kansar dubura ce kaɗai, wadda bata bazu zuwa hanta ko huhu ba. Sannan ba kowace kansar dubura ba, sai mai wata tawaya ta musamman inda ƙwayar halittar ta kasa gyara kurakuran DNA ɗinta, ana rubuta ta dMMR, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na masu kansar dubura ke da irinta. Babu rukunin kwatance. Duk da haka ni dai ina cikin masu ganin wannan binciken babba ne, don zuwa 2024 adadin ya kai mutum 42 kuma sakamakon bai canza ba. Sai dai mai kansar mama ko ta mafitsara da aka tura wa labarin, ba da shi ake ba, kuma ko mai kansar duburar ma tambayar da zai yi wa likitansa itace an gwada naman da aka ciro an ga dMMR ne ko a'a.

Me aka auna

Nan ne gizo ke saƙa, kuma in zaka manta komai kar ka manta wannan. Idan an ce magani "ya yi aiki" ka nemi sanin me aka auna har aka ce ya yi aikin. A binciken kansa yawanci abu uku ne. Akwai yawan waɗanda ƙarinsu ya motse a hoton sikanin. Akwai tsawon lokacin da aka ɗauka kafin kansar ta ci gaba da girma, zaka ga an taƙaita shi PFS. Sai kuma tsawon rayuwa gaba ɗaya, OS, wato daga ranar da aka fara gwaji zuwa ranar da mutum ya rasu ko da me ya kashe shi. Na ukun shine wanda mara lafiya da iyalansa ke nufi idan suka ce "zai taimaka?", amma na farko da na biyu sun fi saurin aunawa don haka su ne suka fi cika labarai.

Mutum zai ce ai in ƙari ya motse dole rai ya ƙaru. Ba dole bane. A 2008 FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta ba Avastin lasisin gaggawa na kansar mama da ta bazu saboda ya jinkirta girman ƙari, da aka ci gaba da bibiya sai aka ga matan ba su fi daɗewa a raye ba, ga hawan jini da zubar jini da yake jawowa, a Nuwamban 2011 aka janye lasisin na kansar mama duk da ana amfani da shi a wasu kansoshin har yau. Ga wani na kusa da mu ma wanda ba kansa ba. Voxelotor, da ake sayarwa da sunan Oxbryta, maganin sikila ne da aka amince da shi a 2019 saboda yana ɗaga jinin mai sikila a gwajin lab, lamba ta yi kyau kowa ya ji daɗi, a Satumban 2024 kamfanin Pfizer da kansa ya janye shi daga kasuwannin duniya bayan bayanai sun nuna tashin ciwo da mace-mace sun fi yawa a ɓangaren masu shan sa. Kaga lambar lab daban, lafiyar mutum daban.

Domin ka gane yadda nasara ta gaske take kama, duba gwajin da ake kira CheckMate 067 a kan kansar fata mai tsanani wadda ta bazu, mutum 945, rabon ƙuri'a, kuma aka bi su shekara 10 cur kafin a fitar da sakamakon ƙarshe a 2024. Waɗanda aka haɗa musu nivolumab da ipilimumab tsaka-tsakin rayuwarsu ya kai kusan wata 72, waɗanda aka ba ipilimumab shi kaɗai kusan wata 20. Mutane da yawa, akwai kwatance, an jira, kuma rai aka auna. In ka ga waɗannan huɗun sun haɗu toh ka gyara zama.

Shi wannan tsaka-tsakin ma mutane na masa mummunar fahimta. In an ce tsaka-tsakin rayuwa wata 8 ne ba ana nufin kowa zai mutu a wata na 8 bane, ana nufin in aka jera marasa lafiyar daga wanda ya fi saurin rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa, na tsakiyar layin wata 8 ya yi, rabi sun wuce haka kuma wasu sun wuce da nisa sosai. Wani masanin halittu na jami'ar Harvard, Stephen Jay Gould, an same shi da wata kansar ciki a 1982 wadda tsaka-tsakinta wata 8 ne, ya rayu har 2002 kuma wata kansar ce daban ta yi ajalinsa. Don haka don Allah kar ka buɗe PubMed ka ga lamba ka je kana yi wa mara lafiya kallon gawa, lambar ta taro ce.

Sai kuma lambar nan ta "kashi kaza na kai shekara 5 a raye". Tana da amfani amma tana da tarko. Ka ɗauka mutum biyu ne masu cuta iri ɗaya da zasu rasu suna shekara 70, ɗaya an gano tasa yana 67 ɗaya an gano yana 60, a takarda na biyun ya haye shekara 5 na farkon bai haye ba, alhali ko kwana ɗaya ba a ƙara wa kowa ba. Koriya ta Kudu ta ga wannan ƙuru-ƙuru, da aka fara yi wa masu lafiya sikanin wuya barkatai adadin waɗanda aka ce suna da kansar tayirod, gaɓar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011 amma yawan masu mutuwa da ita bai motsa ba, an dai yi ta yanke wa mutane wuya a kan ƙananan ƙari da ba zasu taɓa damunsu ba. Wannan ba yana nufin gwajin wuri banza bane, a kansar bakin mahaifa da ta mama da ta hanji yana ceton rai, kawai dai hujjar da zaka nema itace mace-mace sun ragu.

Kaso cikin ɗari na me?

A 2015 hukumar binciken kansa ta WHO ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, irin su sosej da naman gwangwani, na ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100. Hankali ya tashi. Amma kashi 18 na me? A ƙasa irin Ingila kusan mutum 6 cikin 100 ne zasu kamu da ita a tsawon rayuwa, ka ƙara kashi 18 na shidan nan ya zama kusan 7. Ƙarin mutum 1 cikin 100 kenan, ba ƙaramin abu bane ga ƙasa guda amma ba shine abin da kan labarin ya saka maka a zuciya ba. Duk inda ka ga kaso ka nemi lambobi biyun da aka kwatanta.

Zaka kuma riƙa ganin HR da wata lamba a gabanta. In ta gaza 1 sabon maganin ya fi, in ta haura 1 ya fi muni, 0.66 na nufin an rage saurin aukuwar abin da ake aunawa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba wai kashi ɗaya cikin uku sun warke ba. A gefenta akwai lambobi biyu da ke nuna faɗin shakka, in 1 ya faɗo tsakaninsu, misali 0.8 zuwa 1.1, toh masu binciken kansu ba su da tabbacin akwai bambanci.

Wannan lissafin kason ya fi cizo a cututtukan ƙwaƙwalwa. Lecanemab, na kamfanonin Eisai da Biogen, ana sayar da shi da sunan Leqembi, labarinsa ya fito da cewa ya rage cutar mantuwa ta Alzheimer da kashi 27 cikin 100. Gwajin babba ne kuma an yi shi yadda ya kamata, mutum 1,795 masu cutar a matakin farko, wata 18. Ma'aunin da aka yi amfani da shi daga 0 zuwa 18 ne, yana duba tunawa da sanin wuri da lokaci da iya kula da kai, kuma yawan maki na nufin taɓarɓarewa. Masu maganin bogi sun ƙaru da 1.66, masu lecanemab sun ƙaru da 1.21. Bambancin 0.45 kenan, ka raba shi da 1.66 ga kashi 27 ɗinka nan. Lura fa, duka rukunin biyu baya suka yi, babu wanda tunaninsa ya dawo, ɗaya dai ya fi ɗaya tafiyar hawainiya, kuma har yanzu likitocin ƙwaƙwalwa na ja-in-ja a kan ko iyalin da ke zaune da tsohon zasu iya lura da rabin maki. Sannan ka gangara ƙasa ka karanta illa, don kan labari baya ɗaukar wannan. Kusan kashi 13 cikin 100 na masu maganin hoto ya nuna kumburi a ƙwaƙwalwarsu, kusan kashi 17 ya nuna zubar jini, yawanci ƙanana ne ba tare da mutum ya ji komai ba amma dole a riƙa yin MRI ana dubawa, ana saka maganin ta jijiya duk sati 2, farashinsa a Amurka dala 26,500 a shekara. FDA ta amince da shi cikakke a Yulin 2023, a Ingila kuma an ba shi lasisi a 2024 amma hukumar NICE ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba da za a saya wa asibitocin gwamnati. Bayanai iri ɗaya suka karanta.

Wanda ya riga shi, aducanumab, ya fi shi rigima. Yana share dattin furotin ɗin amiloyid daga ƙwaƙwalwa sosai a hoto, amma manyan gwaje-gwajensa guda biyu ɗaya ya ce eh ɗaya ya ce a'a, FDA ta amince a Yunin 2021 duk da kwamitin masu ba ta shawara sun ƙi, har mutum 3 suka ajiye aiki daga kwamitin, a farkon 2024 kamfanin ya sanar zai daina sayarwa. Kuma ka saba da duba ko an janye takarda, PubMed na manna jan gargaɗi a saman wadda aka janye, sannan akwai shafin Retraction Watch da aikinsu kenan. Wata shahararriyar takarda a kan amiloyid da ta fito a Nature a 2006, wadda dubban takardu suka kafa hujja da ita, sai a 2024 aka janye ta saboda an taɓa hotunan ciki.

Labarin furotin, da yadda zaka gani da idonka

Furotin kamar carbi ne mai 'ya'ya iri 20, ana kiransu amino asid, ana jera su a zare ɗaya sai zaren ya naɗe kansa ya ba da wata siffa, kuma siffar ce ke yanke aikin da zai yi a jiki da kuma inda magani zai iya maƙalewa. A da gano siffar furotin guda na iya cin shekaru, Max Perutz ya haura shekara 20 a kan himogulobin kafin ya samu Nobel a 1962. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna tana iya hasashen siffar daga jerin 'ya'yan carbin kawai, a 2022 suka saki hasashen furotin sama da miliyan 200 kyauta tare da cibiyar EMBL-EBI, a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel ɗin kimiyyar sinadarai da David Baker. Wannan ci gaba ne na gaske ba talla ba.

Gwada da kanka, ko a waya yana buɗewa duk da kwamfuta ta fi daɗi. Nemi AlphaFold Protein Structure Database, a akwatin bincike ka rubuta P68871, lambar sarƙar beta ta himogulobin ɗin mutum kenan, ita ce mai matsala a sikila. Zaka ga wani abu kamar naɗaɗɗen ribon da zaka iya juyawa da yatsa. Kalar ita ce muhimmiya, tana nuna yadda manhajar ta yarda da hasashenta a ma'aunin da ake kira pLDDT daga 0 zuwa 100, shuɗi mai duhu sama da 90 ne, shuɗi mai haske 70 zuwa 90, ruwan ɗorawa 50 zuwa 70, ruwan lemo ƙasa da 50 wato kar ka dogara da wurin. Wannan kusan duk shuɗi ne. A jerin haruffan da ke sama ka ƙirga zuwa na 7 zaka ga E, wato gulutamik asid, littattafai na ce masa matsayi na 6 don jiki na cire harafin farko M bayan an haɗa furotin ɗin, kar wannan ya ruɗa ka. Wannan harafin guda ɗaya cikin 146 in ya koma V, balin, shine sikila, duk ciwon ƙashin nan da ƙarin jini da kwanan asibiti daga nan yake. Amma lura da abin da hoton bai nuna maka ba, ainihin himogulobin sarƙa 4 ne a haɗe da sinadarin ƙarfe a cikin kowacce, kuma cutar na faruwa ne idan iskar oksijin ta yi ƙasa suka manne wa juna suka zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jini. Don ka ga wannan sai ka je rumbun Protein Data Bank ka rubuta 2HBS, shi wannan an auna shi ne a lab ba hasashe ba.

Yanzu koma AlphaFold ka rubuta P10636, furotin ɗin tau kenan wanda ke cukurkuɗewa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer. Zaka tarar da zare a warwatse yawancinsa ruwan lemo. Ba wai manhajar ta lalace bane, shi tau a lafiyayyen jiki ba shi da tsayayyar siffa, kuma siffar da yake ɗauka idan ya zama cuta sai a 2017 aka gan ta a Kambirij ta Ingila, da na'urar hangen ƙanƙanan abubuwa mai daskarar da samfuri, daga ƙwaƙwalwar wata mara lafiya da ta rasu. Wato furotin ɗin da suka fi damun mu a cututtukan ƙwaƙwalwa na cikin waɗanda hasashe ya fi rauni a kansu.

Don haka in ka ga labari wai an gano siffar furotin kaza saboda haka magani na hanya, ka tambayi hasashe ne ko aunawa, sannan ka tuna tsawon hanyar. Linus Pauling ya nuna matsalar sikila a himogulobin take tun 1949, Vernon Ingram ya gano canjin amino asid guda ne a 1956, amma maganin gyaran ƙwayar halitta na Casgevy sai ƙarshen 2023 ya samu lasisi kuma dala miliyan 2.2 ne kan mutum ɗaya. Furotin ɗin KRAS an san yana tuƙa kansa tun farkon shekarun 1980, aka yi shekara 30 ana cewa ba shi da ramin da magani zai kama, a 2013 lab ɗin Kevan Shokat a San Francisco ya gano wani ɗan lungu a nau'in G12C, a 2021 sotorasib ya fito. Da aka gwada shi da tsohon kemo a kansar huhu PFS ya zama wata 5.6 a kan 4.5, HR ɗin 0.66 da na ambata ɗazu nasa ne, a tsawon rayuwa kuwa ba a ga bambanci ba. Aikin kimiyyar abin a sara wa ne, amma da sauran rina a kaba.

Ya shafi namu kuwa?

Ka duba teburin farko na takardar in ka samu cikakkiyar, nan ake jera su waye aka gwada, shekarunsu, matakin cutarsu, da asalinsu. A gwajin lecanemab baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuma wannan ba ƙorafin banza bane, a 2023 wani bincike da ya dogara sosai a kan marasa lafiya 'yan Najeriya, da Farfesa Njideka Okubadejo ta jami'ar Legas cikin jagororinsa, ya gano wani canji a ƙwayar halittar GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar karkarwar jiki ta Parkinson ga masu asalin Afirka, wanda kusan babu shi a jikin Turawa, shi yasa duk binciken baya bai gan shi ba.

Haka lambar rayuwa, ta ƙasar da aka yi binciken ce. WHO ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na masu kansar mama na haye shekara 5, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40, kuma babban abin da ya raba su ba wani sabon magani bane, zuwa asibiti a makare ne da kasa kammala magani saboda kuɗi da nisa da layin na'urar gashi. Shi yasa binciken da ya fi amfanar mu sau da yawa baya yin suna a WhatsApp. A Kano da Kaduna an gwada tsohon maganin nan mai araha haidiroksiyuriya a kan yara masu sikila da gwajin jijiyar kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ga ko ƙaramin adadi na karewa, asibitin koyarwa na Aminu Kano na cikin inda aka yi aikin. Rigakafin HPV kuma, binciken Ingila na 2021 ya nuna kansar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13, kuma tun Oktoban 2023 Najeriya ta saka shi cikin rigakafin kyauta na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

In bayan duk wannan tankaɗen labarin ya tsaya da ƙafarsa kuma kana ganin ya dace da mara lafiyarka, ka ɗauki hoton taƙaitaccen bayanin, ka rubuta sunan maganin daidai, ka kai wa likitan da ke duba shi ranar kilinik. Ka tambaye shi, likita irin cutar da matakinta ɗaya ne da na mutanen da aka gwada? Akwai wani gwajin nama ko jini da sai an yi kafin a san zai yi masa aiki, kuma ina ake yi? Me ake sa ran samu, warkewa ko ƙarin lokaci ko sauƙin ciwo? Nawa ne kuɗin zagaye gaba ɗaya ba na allura ɗaya ba, kuma NAFDAC ta yi masa rajista? In kuma wani ya ce zai saka ku a gwaji, ka nemi lambar rajistarsa, wadda ke farawa da NCT ana dubawa a ClinicalTrials.gov, mai farawa da PACTR kuma a rajistar gwaje-gwaje ta Afirka, a baku takardar amincewa ku karanta a yaren da kuke ji, kuma kuna da ikon fita duk ranar da kuka ga dama. Kafin ranar kilinik ɗin ta zo kar a tsallake kemo ko gashi ko da zama ɗaya ne.